ZARE: Daga Ƙullin Dillaliya Zuwa Sitatus, Tarihin Sana'ar "Nemo Min"

1/
Jiya wata ta turo min saƙo wai in koya mata "sabuwar sana'ar" nan da matasa ke yi: mutum ya faɗa maka abin da yake so, waya ko firji ko takalmi na hannu, kai kuma ka shiga kasuwa ka nemo masa, ka ci la'adarka. Da na ga kalmar "sabuwa" sai da na yi dariya. Sana'ar kakata ce fa. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/
Ina aji uku a jami'a, tarihi nake karantawa, kuma da wannan nema nake biyan kuɗin rajista tun ina aji ɗaya. Ba ni da shago, ba ni da jari. Waya ce kawai, sai ƙafa, sai sanin mutane. Saboda haka abin da zan faɗa, rabi a littafi na karanto shi, rabi kuma a ƙurar kasuwa na shaƙo shi.

3/
Mu fara da kalmomi. "Dillali" daga Larabci take, dallal, wato mai nuni, wanda ke nuna wa mai saye inda kaya suke. "La'ada" ma daga can take, daga al'ada: abin da aka saba bayarwa. Sai kuma kalmar "sautu", wato ka ba mai tafiya kuɗi ya sayo maka abu. Haɗa dillanci da sautu, ka sami abin da muke yi yau da waya, ba ragi ba ƙari.

4/
Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Yi tunanin falken da ya taso daga Agadas ko Borno ko Gadamas. Bai san gari ba, bai san farashi ba, bai san wane ne mai gaskiya ba. Sai ya sauka a gidan fatoma, ya faɗi abin da ya zo nema, dillali ya shiga lunguna ya nemo. Mai nema da mai kaya ba su san juna ba, shi ne ya san su duka.

5/
A 1824 wani Bature ɗan Sikotilan mai suna Hugh Clapperton ya zo Kano, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya zaga kasuwar nan ya rubuta abin da ya gani, aka buga a 1826. A cikin bayaninsa akwai wani abu guda da tun ranar da na karanta shi bai fita raina ba, kuma saboda shi nake wannan zaren.

6/
Ya ce idan mutum ya sayi riga ko turkudi a kasuwar Kano, ya tafi da ƙunshin har Borno bai buɗe ba, can ya tarar kayan ba masu kyau ba ne, to dawo da su ake yi. Ta yaya? A cikin kowane ƙunshi ana rubuta sunan dillalin da aka yi cinikin ta hannunsa. Dole dillalin ya nemo wanda ya sayar, shi kuma dole ya mayar da kuɗi.

7/
Ku duba fa. Tsakanin Kano da Borno tafiyar makonni ce a ƙafa da kan jaki. Ba waya, ba alat, ba hoton rasit. Amma mutum ya saki kuɗinsa hankali kwance, saboda akwai sunan wani a cikin ƙunshin, kuma an san unguwar mai sunan, an san gidan ubansa. Jarin dillali ke nan tun asali: sunansa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

8/
Kada mu yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. A wannan kasuwar, da wannan tsarin, har mutane ake sayarwa. Clapperton ya bayyana rumfunan bayi, ya ce mai saye yana iya mayar da bawa cikin kwana 3. Tsarin da ya kare haƙƙin mai saye bai kare wanda aka sayar ba. In muna alfahari da wani ɓangare, mu riƙa tuna wannan ɓangaren shi ma.

9/
Wannan tsari bai faɗo daga sama ba, fiƙihu ya daɗe da yin magana a kai. Sahabi Hakim bin Hizam ya tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da zai zo masa neman abin da ba shi da shi, ya sayar masa, sannan ya je kasuwa ya sayo. Aka hana shi sayar da abin da ba ya hannunsa. Kun ga, ainihin tambayar 'yan "nemo min" ce, shekara sama da 1,400 da suka wuce.

10/
To ta ina halas ɗin yake? Ta wajen zama wakili ko ɗan aike mai lada. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo ji'ala: a ce nemo min abu kaza, in ka samo ladanka kaza, in ba ka samo ba babu komai. Bukhari ma yana da babi a kan ladan dillali, inda ya kawo cewa manyan tabi'ai irin su Ibn Sirin ba su ga laifinsa ba.

11/
Bambancin a sauƙaƙe: "Ina da ita, turo kuɗi" alhali ko ganinta ba ka yi ba, daban. "Ba ni da ita, amma zan nemo maka, la'adata kaza," daban. Na farko ya sa rigar mai kaya ba shi da kaya. Na biyu ya faɗi matsayinsa tun farko. Yawancin rigimar da nake gani a wannan harka daga haɗa biyun nan take tasowa.

12/
Tsarin suna ya bi Hausawa har kudu. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969. Ya nuna yadda falke zai kawo shanu daga arewa, maigida ya sauke shi, dillalan maigida su sayar wa mahautan Yarbawa bashi, ba takarda ba sa hannu. In mahauci ya ƙi biya, wuyan maigida ne. Shi ya sa aikinsu kullum shi ne sanin wane mahauci ke biya, wane ne ke gudu.

13/
Duk wannan labarin maza ne a fili. Akwai wata kasuwar da ba ta da rumfa ko ɗaya. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 game da cinikin ɓoye da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu. Mace ba ta fita, amma tana saye tana sayarwa. Ƙafafunta su ne yara 'yan talla, sai kuma dillaliya.

14/
Nan kakata ta shigo. Bayan rasuwar kakanmu ta ɗauki ƙulli. Da hantsi take fita, gida-gida, zaure ba ya tare ta tunda tsohuwa ce. A ƙullin akwai zannuwan da aka ɗaura sau ɗaya ko biyu, da 'yan kunne, da tasoshi, da kwalla da samira na wadda ta gaji da su ko buƙata ta taso mata. Amma ta ce min kayan ƙullin ba su ne ke kawo kuɗi sosai ba.

15/
Abin da ke kawo kuɗi yana cikin kanta. Wannan ta ce, "Inna, in kin ji mai sayar da keken ɗinki, ki riƙe min." Waccan ta ce, "Iya, bikin yarinya saura wata uku, gadon ƙarfe nake so mai ɗan sauƙi." Ba ta iya boko ba, ba ta rubuta komai. Amma ta san wadda ke nema a wannan unguwa, ta san wadda za ta sayar a waccan. Sai ta haɗa, kowa ta ba ta la'ada.

16/
Wato kafin ta je neman kaya, mai saye na nan yana jira. Ba ta sa kuɗinta, kaya ba sa kwana a hannunta, ba ta biyan haya. Abin da 'yan koyar da kasuwanci a intanet ke karɓar kuɗinku su koya muku da sunan "kasuwanci ba jari", tsohuwar nan ta yi shi shekara da shekaru da silifas da mayafi. Da shi ta aurar da 'ya'ya mata uku, har da mahaifiyata.

17/
Akwai ƙa'idar da ba ta karyawa: ba ta faɗin mai kaya. Matar da mijinta ya shiga matsi ta fitar da sarƙarta a sayar, ba ta so kishiya ko maƙwabta su ji. Rufin asiri na cikin abin da ake biyan dillaliya dominsa. To in ba a san mai kaya ba, wa za a kama in an sami matsala? Ita. Sunanta ne ya tsaya a madadin sunan da ta ɓoye. Ƙunshin Clapperton ke nan, amma a cikin gida.

18/
Ba na cewa duk dillalai waliyyai ne. Akwai dalilin da ya sa a fina-finanmu dillaliya ke fitowa a matsayin uwar gulma. Wanda ke shiga kowane gida yana jin sirrin kowa, kuma wanda shi kaɗai ya san farashin ɓangare biyu yana iya cin na sama ya ci na ƙasa. Sai dai a unguwa ƙarya ba ta nisa. Dillaliyar da ta ci amana sau biyu, zaurukan ne za su rufe mata ɗaya bayan ɗaya.

19/
Yanzu bari mu ga yadda kayan da kansu suka canja. Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna tafiya har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Mu ke tufatar da wasu a lokacin. Yau kuwa riga sai wani ya gama sa ta a Ingila ko Amurka ko Sin kafin ta iso jikinmu. Me ya faru a tsakani?

20/
"Gwanjo" da farko sayarwa ce ta wa-ya-fi-tayi, Yarbawa ma "gbanjo" suke cewa. Daga baya sunan ya koma kan tsofaffin tufafin waje. A kudu "okirika" ake ce musu, sunan wani gari ne na bakin ruwa a jihar Ribas ta yanzu. 'Yan kasuwar Ibo, musamman mutanen Abiriba, su suka yi fice a shigo da dilolin tun kafin yaƙin basasa.

21/
A shekarun 1970 gwamnati ta hana shigo da gwanjo don kare masaƙun gida, kuma har yau yana cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta. Hanin bai kashe kasuwar ba, hanya kawai ya canja mata. Diloli suka koma sauka a Kwatano da Lome, daga nan su tsallako ta iyakar Benin, wasu su zago ta Nijar, ta Maraɗi, su gangaro Katsina da Kano.

22/
Sai 1986, gwamnatin Babangida ta kawo SAP. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya a farashin gwamnati. Zuwa 1987 sai ka ba da kusan naira 4 kafin ka sami dala ɗaya. Ma'aikacin da a da yake karɓar rance ya sayi sabuwar Peugeot da aka haɗa a Kaduna, ya wayi gari sabuwar mota ta fi ƙarfinsa. Daga nan "na hannu" ya tashi daga kayan talaka ya zama kayan kowa.

23/
Masaƙun da aka yi hanin dominsu ma ba su tsira ba. Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, na Kano ma suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Rashin wuta, tsadar kayan aiki da kwararowar atamfar waje mai araha duk sun taka rawa. Dubban ma'aikata suka dawo gida, wasunsu kasuwar gwanjon ce ta karɓe su.

24/
A wannan zamanin ne aka sami sautun mota. Yarbawa suka sa wa motocin "tokunbo", sunan da suke ba yaron da aka haifa a ƙetare. Mu kuma muka ce "Beljiyam" ko "'yar Kwatano". Alhaji zai kira mutum ya ce mota kaza nake so, launi kaza, ga kuɗi. Mutumin ya tafi Kwatano ya zaɓo ya kawo. Miliyoyi a hannun wanda ba shi da ofis. An ba shi ne don an san gidansu. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, harkar ta girgiza.

25/
Kowane gari ya sami matattararsa. Kano: Ƙofar Wambai wajen tufafi, Ƙofar Ruwa wajen kayan mota da ƙarafa. Kaduna: Kasuwar Barci da Panteka. Jos: Katako. Yamai ma tana da tata Katakon. In ka je da sassafe ranar fasa dila za ka ga samari sun yi da'ira suna wawar lamba ɗaya. Da yawansu ba wa kansu suke zaɓa ba, sautu ne a aljihunsu: wando lamba kaza, jaket ɗin sanyi, takalmin ƙwallo.

26/
A 2001 wayar salula ta shigo, abu biyu suka faru lokaci guda. Dillali ya sami sabuwar ƙafa, yana zaune ya kira kasuwa uku. Ita kanta wayar kuma ta zama kayan nema mafi tafiya. Kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja suka cika da "Landan yus". Har yau abin da aka fi turo min a nema ke nan: waya, sai laftop lokacin rubuta furojet.

27/
Sai intanet. OLX ta shigo Nijeriya a 2012, Jiji ta fara a 2014, ta saye harkar OLX ɗin a 2019. WhatsApp ya kawo sitatus a 2017, kuma a ganina wannan ya fi duk sauran tasiri a wajenmu. Ƙullin kakata ya koma hoto. Yawon gida-gida ya koma "wa ke da firji ƙarami na hannu, mai saye na ƙasa". Matan aure da yawa sun zama dillalan kansu daga kan gado.

28/
Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Abin da ya faru a 1986 ya maimaita kansa a kanmu: sabo ya gagara, masu saye suka koma na hannu, masu kaya suka fara fitar da na ɗaki don cefane. Tsakaninsu kuma sai mu.

29/
To me ya ɓace a hanya? Kakata ba ta iya canja suna. Fuskarta ɗaya, gidanta ɗaya, jikokinta na yawo a unguwa. Ni kuwa yau zan iya zama "wane gajet", gobe in goge shafin in dawo da wani suna da sabon layi. Mun fi ta isa nesa sau dubu, amma ƙunshinmu ba suna a ciki. Kuma ba a littafi na gane haka ba, a jikina na ji.

30/
Ina aji biyu wata 'yar ajinmu ta ba ni sautun waya. Kuɗin da ta tara ne na wata da watanni. Na zaga wajen mutanena, duk farashin ya fi ƙarfinta. Sai na ga wani ya sa irinta a wani guruf, ƙasa da kasuwa sosai. Ban san shi ba. Muka haɗu a bakin titi, ba kwali, ba rasit, ya ce sauri yake yi. Raina ya ɗan ja, amma na hango la'ada da ragowar canji. Na karɓa.

31/
Bayan sati uku aka bibiyi wayar har hannunta. Ta ƙwace ce, kuma an ji wa mai ita rauni wajen ƙwacewa. Yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ta wuni tana amsa tambayoyi, mahaifinta ya taso daga wani gari. Ta nuna ni. Na kira lambar mutumin, a kashe. Shafinsa babu shi. Rana dubu ta ɓarawo aka ce, amma ranar mai kaya a kaina ta faɗo.

32/
Abin da ya cece ni shi ne hirarmu da ban goge ba da shaidar tura kuɗi. Duk da haka sai da wani kawuna ya tsaya min. Da na dawo gida na je gaida kakata, ina ta bayanin cewa ni ma cutata aka yi, ba laifina ba ne. Ta bar ni na gama tsaf. Sai ta ce, "Maigidana, ita yarinyar wa ta ba kuɗinta, kai ko shi?" Na ce, "Ni, Hajiya."

33/
Ta ce, "To kai ta sani. Ni da na yi shekaru ina wannan yawo, ban taɓa karɓar kayan da ban san ɗakin da suka fito ba. Ba na faɗa, amma na sani. Je ka biya ta." Kuɗin rajistata na wannan shekarar na kwashe na ba ta, na yi rajista a makare da tara a kai. Wallahi ya yi min ciwo. Amma cikin waɗanda suke ba ni sautu yau, kusan rabi ta hanyar yarinyar nan suka zo.

34/
Kada wani ya ɗauka wasa ne. A dokar Penal Code da ake aiki da ita a arewa, karɓar kayan sata da sani laifi ne da ɗaurinsa ke iya kaiwa shekara 14. Kuma duk wanda ya zauna a Kano a 'yan shekarun nan ya san rayukan da ƙwacen waya ya ci. Mai ƙwace ba ya ƙwace don ya riƙe, yana yi ne don ya san akwai mai karɓa ba tambaya. In ka karɓa, da kai aka yi.

35/
Ga abin da na koya, kuma in kun lura ba sabo a ciki. Na ɗaya: san ɗakin da kaya suka fito. Waya ko laftop, a kawo kwali ko rasit. Danna *#06# ka ga lambar IMEI, ka gwada da ta jikin kwali. A cire asusun iCloud ko Google a gabanka. Ka ɗauki hoton mai sayarwa da katin shaidarsa da yardarsa. Wanda ya ce sauri yake yi, bar shi ya yi gaba.

36/
Na biyu: faɗi matsayinka da la'adarka tun kafin ka ɗaga ƙafa. "Zan nemo, ladana kaza." In za ka saya ne da kuɗinka ka ɗora riba, wannan ma ciniki ne, amma sai kaya sun shigo hannunka. Abin da ke kashe suna shi ne ka ce wa mutum a dubu 80 ka samo, ka karɓi la'ada a kai, daga baya ya ji a 65 aka sallama maka.

37/
Na uku: faɗi aibu kafin a gani. Batir na saurin sauka, an taɓa canja sikirin, firjin an yi masa ɗurin gas, faɗa. Ɗauki bidiyo ka tura kafin ka biya. Na huɗu: kuɗin sautu ba naka ba ne. Kada ka taɓa kafin alƙalamin wani ka toshe ramin wani, da haka ake fara zama ɗan damfara ba tare da an yi niyya ba. In ba ka samo ba, mayar da kuɗi a ranar.

38/
Na biyar, wanda ya fi duka: sa sunanka a ƙunshi. Suna na gaskiya, lamba ɗaya da ba ta canjawa, wurin da za a same ka, da wa'adin dawo da kaya, ko da kwana 2 ne ko 3, wanda kai ma ka ƙulla da mai sayarwa tun farko. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, haka ne. Amma mai saye ba shi da hanyar gane nagari a hoto. Kai yake saya.

39/
Masu saye, ku ma da naku. Kun tura mutum ya sha rana daga Wambai zuwa Ƙofar Ruwa, ya samo, sannan ku zagaya ta baya ku karɓi lambar mai kaya don kada ku biya la'ada. Ko ku ce "bari in yi shawara" ku kashe waya. Wannan ma cin amana ne. Kakata ta ce a zamaninsu matar da ta yi wa dillaliya haka, ranar da buƙatarta ta taso ba mai ɗaukar mata kaya.

40/
Ga mai tambayar jiya: ƙanwata, ga amsarki. Fara da abu ɗaya da kika sani sosai, ko atamfa ce ko kayan kicin. San mutum uku masu gaskiya a kasuwar abin. Fara da mutanen da suka san gidanku. Kuɗin farko kaɗan ne, kada ki raina. Kuma in akwai tsohuwar dillaliya a unguwarku, sayi goro ki je ki gaishe ta, ta fi duk wani kwas da za a sayar miki.

41/
In a danginku akwai dillali ko dillaliya, ko ɗan Kwatano, ko wanda ya yi aiki a masaƙa kafin ta rufe, ku ba ni labarinsa a ƙasa, ina tattarawa ne saboda furojet ɗina na aji huɗu. Mutanen Maraɗi da Damagaram, ina son jin yadda abin yake a wajenku. Allah ya ba mu na halas, ya rufa mana asiri. 🙏🏾